Kansar kai da wuya: Sabbin hanyoyin magani da tazarar da ke tsakaninsu da Gurbin Bore

A cikin shekaru 20 da suka gabata an samu gagarumin sauyi a yadda likitoci ke maganin cutar kansa, ko sankara, da ke kama baki da maƙogwaro da hanci da wuya, musamman ta fuskar gashi da na'ura da kuma magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki. To sai dai ga mazauna garuruwa irin su Gurbin Bore, a ƙaramar hukumar Zurmi da ke arewacin jihar Zamfara, babbar matsalar ita ce yadda majinyaci zai isa inda maganin yake kafin lokaci ya ƙure masa.

Alƙaluman cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 kusan mutane 128,000 ne suka kamu da nau'o'in kansa daban-daban a Najeriya, yayin da kusan 80,000 suka rasu. A duniya baki ɗaya kuwa, kansar kai da wuya tana kama mutane kusan 900,000 a kowace shekara, tana kuma hallaka fiye da 400,000.

Wace irin cuta ce?

Idan likitoci suka ce kansar kai da wuya, suna nufin wani rukunin cututtuka ne da ke tsirowa a leɓe, ko harshe, ko dasashi, ko ganɗa, ko maƙogwaro, ko akwatin murya, ko kogon hanci da bayansa. Kansar ƙwaƙwalwa ba ta cikin wannan rukuni. Kimanin tara cikin goma na waɗannan cututtuka suna farawa ne daga siririyar fatar da ta lulluɓe cikin baki da maƙogwaro, daga nan su yaɗu zuwa kaluluwar wuya.

Manyan abubuwan da ke haddasa su su ne taba, ko ta sha ce ko ta tauna ko ta shaƙa, da kuma barasa. Akwai kuma ƙwayoyin cuta guda biyu da ke da hannu a ciki. Ta farko ita ce HPV, wadda aka fi sani da haddasa kansar bakin mahaifa, amma kuma tana jawo kansar gindin harshe da gefen maƙogwaro, kuma ita ce ta sa wannan nau'i ya ƙaru a Turai da Amurka. Ta biyu ita ce EBV, wadda aka gano a Landan a 1964 a cikin tsokar da aka ɗebo daga wata yarinya mai ƙarin muƙamuƙi a Yuganda. Akasarin manyan mutane a duniya suna ɗauke da ita ba tare da ta yi musu illa ba, amma a jikin wasu ƙalilan tana da alaƙa da kansar bayan hanci.

Rahotannin asibitocin koyarwa na arewacin Najeriya sun daɗe suna nuna cewa kansar bayan hanci da ta kogon hanci da ta akwatin murya suna cikin waɗanda aka fi gani a wannan rukuni, kuma yawancin majinyata suna zuwa ne bayan cutar ta yi nisa.

Inda ake ɓata lokaci

A ɗauki misalin wani manomi a Gurbin Bore da muryarsa ta dishe, ko kuma wani ƙululu ya fito masa a wuya. Da yake abin ba ya zafi da farko, zai ci gaba da aikin gonarsa. Idan ya daɗe sai ya nufi kantin magani a ba shi na mura ko na kashe ƙwayoyin cuta. Idan maƙogwaro ne ya dame shi, watakila a kai shi wurin wanzami a cire masa beli. Da zarar kuma wani ya ambaci ciwon daji, akwai masu imanin cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, don haka sai a guji asibiti a koma ga saƙe-saƙi da shafe-shafe.

Ko da ya je babban asibitin Zurmi ko na Ƙauran Namoda ko na Shinkafi, tabbatar da cutar yana buƙatar likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ciki da na'ura, a yanki ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji, sa'an nan a ɗauki hoto domin a ga iyakar inda ta kai. Wannan yana nufin tafiya Gusau, daga can kuma sau da yawa a tura shi gaba. Kowane mataki yana cin makonni da kuɗi.

Alamun da likitoci ke cewa kada a yi sakaci da su idan suka wuce mako uku sun haɗa da dishewar murya, da gyambon baki ko na harshe da ya ƙi warkewa, da ƙululu a wuya, da wahalar haɗiya, da toshewar kafar hanci ɗaya tare da haɓo, da kuma toshewar kunne ɗaya ga babban mutum. Ba kowane kumburin wuya ne kansa ba. Tarin fuka ma yana kumbura kaluluwa, akwai kuma maƙoƙo. Gwaji ne kaɗai ke rarrabewa.

Muhimmancin saurin zuwa a bayyane yake. Kansar da aka gano tun tana ƙarama a kan igiyar murya, gashi kaɗai yana warkar da takwas zuwa tara cikin majinyata goma, kuma su tsira da muryarsu. Idan ta yi nisa, wani lokaci sai an cire akwatin muryar baki ɗaya, mutum ya ƙare rayuwarsa yana numfashi ta wata ƙofa da aka huda a wuyansa.

Daga kobalt zuwa gashi mai auna wuri

Abin da Hausawa ke kira gashi ba wuta ba ce ake ɗora wa mutum. Wani haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda ke ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin halittar kansa ta yadda ba za su iya hayayyafa ba. Bajamushe Wilhelm Röntgen ne ya gano wannan haske a 1895. A 1951 aka fara amfani da na'urar kobalt a Kanada, a 1953 kuma aka fara yi wa majinyata magani da na'urar linak, mai aiki da lantarki, a Landan.

Wahalar da ke tattare da gashin kai da wuya ita ce cunkoson gaɓoɓi masu muhimmanci a ɗan ƙaramin wuri: laka, da jijiyoyin ido, da kunne, da tsokokin haɗiya, da kuma jakunkunan da ke samar da yawu. Tsohuwar hanya tana aika haske mai faɗi daga ɓangare biyu ko uku, wanda ke cin mai laifi da marar laifi. Mutane da dama da suka warke sun rayu da bushewar baki ta dindindin, ba sa iya haɗiye tuwo sai da ruwa, haƙoransu su ruɓe, magana mai tsawo ko karatu ya zame musu aiki.

Sabuwar hanyar da ake kira IMRT ta sauya wannan. Da farko ana ɗaukar hoton majinyaci yana sanye da wata fuskar roba da aka ƙera daidai kansa domin kada ya motsa. Likita zai zana iyakar ƙarin a kwamfuta, ya kuma zana gaɓoɓin da yake son karewa. A bakin na'urar akwai siraran ƙarafa masu yawa da ke buɗewa da rufewa yayin da take kewaya kan majinyacin, kamar yadda mai ban ruwa a fadama ke buɗe wa wannan kwami ruwa ya toshe wa wancan. Ta haka ƙarin zai sami cikakken rabonsa, abin da ke kewaye da shi kuma ya sami kaɗan.

Wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan majinyata 94, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa shekara ɗaya bayan magani kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tsohon gashi suna fama da matsananciyar bushewar baki, idan aka kwatanta da kashi 38 cikin 100 na waɗanda aka yi wa IMRT. Bayan shekara biyu tazarar ta ƙaru zuwa kashi 83 da kashi 29.

Ga cutar da ta yi nisa, akan haɗa gashin da wani tsohon maganin kansa mai suna cisplatin. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya nuna cewa wannan haɗi yana ƙara yawan masu kaiwa shekara biyar da kimanin mutum shida zuwa bakwai a cikin kowane 100.

Akwai kuma gashi da ƙwayoyin furoton, waɗanda ke tsayawa cak a cikin ƙarin ba tare da sun zarce bayansa ba. Na'urarsa tana da matuƙar tsada, kuma sakamakon gwaje-gwaje ya sha bamban. Wani da aka gabatar a Amurka a 2024 ya nuna raguwar masu buƙatar robar ciyarwa, yayin da wani da aka gabatar daga Birtaniya a 2025 bai ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakaninsa da IMRT.

Mako huɗu a maimakon shida ko bakwai

Bisa al'ada ana raba gashin ne zuwa zama 33 ko 35, daga Litinin zuwa Juma'a, har tsawon mako shida zuwa bakwai. Kowane zama mintoci kaɗan ne, ba a jin zafi a lokacin, kuma majinyaci ba ya ɗauke da wani haske da zai cutar da iyalinsa idan ya fito. Wahalar tana zuwa ne daga mako na uku, lokacin da baki ke yin gyambo, fata ta yi duhu, ɗanɗano ya gushe, cin abinci ya yi wuya.

Ga mutumin ƙauye, mako bakwai a birnin da ba shi da kowa yana nufin kuɗin masauki da na abinci, nasa da na mai jinyarsa, da barin gona ko kasuwa. Wannan ne ke sa wasu su katse magani su koma gida, alhali kuwa kowace rana da aka tsallake tana bai wa cutar damar farfaɗowa.

Shi ya sa wani gwaji da hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta ɗauki nauyinsa ya ja hankalin likitocin ƙasashe masu tasowa. An gudanar da shi kan majinyata 792 a cibiyoyi 12 na ƙasashe 10, ciki har da Indiya da Pakistan da Afirka ta Kudu. Sakamakon da aka gabatar a 2023 ya nuna cewa zama 20 a cikin mako huɗu, tare da ɗan ƙarin ƙarfin haske a kowane zama, ya yi aiki daidai da zama 33 a cikin mako biyar da rabi, ba tare da ƙarin illa mai tsanani ba. Baya ga sauƙaƙa wa majinyaci, hakan na nufin na'ura guda za ta iya karɓar mutane da yawa a shekara.

Kwance wa garkuwar jiki dabaibayi

Sauyi na biyu ya zo ne daga fahimtar yadda kansa ke tsere wa garkuwar jiki. A cikin jini akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu shi ne farautar duk abin da ya saɓa wa jiki su kashe shi. Domin kada su wuce gona da iri su afka wa lafiyayyun gaɓoɓi, an halicce su da wani abu mai kama da dabaibayi. Masanin ƙasar Japan Tasuku Honjo ne ya gano ɗaya daga cikin waɗannan dabaibayi, mai suna PD-1, a 1992. Daga baya aka fahimci cewa ƙwayoyin kansa suna amfani da shi su ɗaure masu farautarsu. Magungunan da aka ƙirƙiro suna kwance wannan ɗauri ne, su bar jiki ya yi yaƙinsa. Honjo da Ba'amurke James Allison sun sami kyautar Nobel a 2018 saboda wannan aiki.

A 2016 aka wallafa gwajin maganin nivolumab kan majinyata 361 da cutarsu ta dawo bayan sauran magunguna sun gaza. Bayan shekara ɗaya, kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka karɓe shi suna raye, idan aka kwatanta da kimanin kashi 17 na waɗanda aka bai wa tsofaffin magunguna. A wannan shekarar hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi da kuma takwaransa pembrolizumab. A 2019 aka amince a fara da pembrolizumab tun da farko ga masu cutar da ta dawo ko ta yaɗu.

A watan Oktoban 2023 hukumar ta amince da toripalimab, wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Sin, domin kansar bayan hanci da ta dawo ko ta yaɗu. Wannan yana da muhimmanci ga arewacin Najeriya, ganin yadda ake yawan samun wannan nau'i.

A 2025 kuma aka matsa gaba zuwa ga waɗanda ake fatan warkar da su baki ɗaya. A wani gwaji kan majinyata 714, an ba da pembrolizumab kafin tiyata da kuma bayanta, tare da gashi. Matsakaicin lokacin da majinyata suka yi ba tare da cutar ta dawo ko ta ci gaba ba ya tashi daga kimanin wata 30 zuwa kusan wata 52. Wani gwajin da likitocin Faransa suka jagoranta ya nuna cewa ƙara nivolumab bayan tiyata ya ɗaga yawan waɗanda suka kai shekara uku ba tare da cutar ba daga kimanin kashi 53 zuwa 63 cikin 100.

To sai dai ba a ko'ina aka yi nasara ba. Manyan gwaje-gwaje biyu da suka haɗa irin waɗannan magunguna da gashi da cisplatin a lokaci guda, ga waɗanda ba a yi wa tiyata ba, ba su cimma burinsu ba. Kazalika, idan aka ba da maganin shi kaɗai ga masu cutar da ta yi nisa, ƙasa da mutum ɗaya cikin biyar ne ƙarinsa ke raguwa sosai. Garkuwar jikin da aka kwance kuma tana iya juyawa kan hanji ko huhu ko hanta ko fata, lamarin da ke buƙatar likita a kusa.

Batun tsada

A Amurka, farashin allura ɗaya ta pembrolizumab, wadda ake yi duk bayan mako uku, ya haura dala 10,000, wato fiye da naira miliyan 10 a canjin kuɗi na 2025, kuma ana iya shafe shekara ɗaya zuwa biyu ana yi. Mafi ƙarancin albashi da Najeriya ta amince da shi a 2024 shi ne naira 70,000 a wata. Asusun tallafa wa masu kansa da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da nau'o'i uku: kansar mama, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza.

Likitocin asibitin Tata Memorial da ke Mumbai a Indiya sun gwada wata dabara. Sun bai wa majinyata miligiram 20 kacal na nivolumab duk bayan mako uku, a maimakon miligiram 240 da aka saba bayarwa duk mako biyu, tare da wasu ƙwayoyin sha masu araha. A cikin majinyata 151, sakamakon da aka gabatar a 2022 ya nuna kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka ƙara wa ƙaramin awon suna raye bayan shekara ɗaya, a kan kashi 16 na waɗanda suka sha ƙwayoyin kaɗai. Gwajin ƙarami ne kuma a asibiti ɗaya aka yi shi, amma ya nuna cewa kwalba guda za ta iya isar mutane da dama. Ana kuma sa ran farashin pembrolizumab zai sauka bayan 2028, lokacin da babban haƙƙin mallakarsa zai fara ƙarewa.

Ina na'urorin suke?

Masana sun ƙiyasta cewa kimanin rabin masu kansa suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu, ga masu kansar kai da wuya kuwa adadin ya fi haka. Shekaru da dama majinyatan Zamfara ana tura su ne asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko kuma Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Ƙarancin na'urori a faɗin ƙasar, da yawan lalacewarsu, da matsalar lantarki, da kuma ficewar ƙwararru zuwa ƙetare sun sha jawo dogon layi.

A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da sabbin cibiyoyin kansa guda uku, a Inugu da Benin da kuma asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. A maƙwabciyar ƙasa Nijar, an buɗe cibiyar gashi ta farko a Yamai a 2021 da taimakon hukumar IAEA.

A taswira, Katsina ce mafi kusa da Gurbin Bore, ta hanyar Jibiya. Amma wannan hanya tana cikin waɗanda 'yan bindiga suka addaba, har ma a watan Agustan 2021 gwamnatin jihar Katsina ta rufe ta, ta shawarci matafiya su zaga ta Funtuwa. Majinyacin da ake buƙatar ganinsa a gaban na'ura kowace safiya ba zai iya dogara da irin wannan hanya ba. Dole ya tare a birnin har ya gama, wanda ya sa masauki kusa da asibiti ya zama wani ɓangare na maganin.

Abin da ke hannun jama'a

Barin taba yana rage haɗarin kamuwa, har ga wanda ya daɗe yana sha, kuma yana taimaka wa gashi ya yi aiki ga wanda ya riga ya kamu. Allurar rigakafin HPV, wadda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a watan Oktoban 2023, ta kuma isa sauran jihohi ciki har da Zamfara a watan Mayun 2024, tana kariya daga nau'in ƙwayar da ke haddasa mafi yawan kansar maƙogwaro mai alaƙa da HPV.

Ga wanda aka tabbatar yana da cutar, likitoci suna ba da shawarar a duba haƙora kafin a fara gashi, a tanadi abinci mai laushi da gina jiki kamar kunun gyaɗa da fura da nono da ƙwai, a kuma shirya kuɗin zama da mai jinya tun kafin ranar farko, domin kada a tsaya a tsakiya. Iyalan majinyaci suna da damar tambayar likita ko cibiyar tana yin IMRT, da kuma ko gajeren tsarin mako huɗu ya dace da irin cutarsa.

Ga ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin Gurbin Bore ko na ƙauyukan Shinkafi kuwa, aikin da ya fi kowanne tasiri shi ne ya haska cikin bakin majinyaci da tocila, ya taɓa wuyansa, idan kuma alamar ta wuce mako uku ya rubuta masa takardar zuwa babban asibiti a ranar, a maimakon ya sake ba shi wani zagayen maganin mura.